Babi na Biyar: Zawon Damina da Zawon Hunturu

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, Kogin Kwara ya daina gudunsa irin na da a ƙasar Yawuri. Ya kumbura ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya haɗiye tsohon garin Busa da tsibirai masu yawa, aka tayar da mutane sama da 40,000, cikinsu har da Gungawa da Kambari, aka sake musu matsuguni a kan tudu. Daga Wara ta ƙasar Ngaski zuwa Yelwa, har ƙauyukan Shanga da ke can sama, kusan komai na rayuwa a ruwan nan ya rataya. Cikinsa ake su, da shi ake ban-ruwan albasar da ta fito da sunan Yawuri a kasuwannin Najeriya, a kansa kwale-kwale ke kai mutane cin kasuwa. A tungaye da dama kuma, shi ne ruwan sha, shi ne na wanki, shi ne na wanka.

Ruwan yakan cika sau biyu a shekara. Akwai cikar ƙarshen damina mai laka, wadda ruwan saman da ya sauka a ƙasashen kusa ke kawowa. Akwai kuma ta lokacin sanyi, wadda ke tahowa tun daga duwatsun ƙasar Gini, ta yi watanni a hanya, ta iso lakarta ta kwanta. A waɗannan lokuta biyu ne kuma iyaye mata ke fama da wata damuwa mai fuska ɗaya: yaro na zawo, yana amai, idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa. Wanda ya kalla da ido zai ce ciwo ɗaya ne. Sau da yawa ciwo biyu ne, kuma halittun da ke haddasa su ba su haɗa dangi ba ko kaɗan.

Na damina, wanda ke kwasar manya da yara a unguwa guda cikin kwana biyu, shi ne kwalara. Bakteriya ce ke kawo ta. Na hunturu, wanda ya fi kama jarirai da 'yan ƙasa da shekara biyu, har a riƙa cewa haƙori ne ke fitowa, galibi aikin wani bairos ne da ake kira rota. A bakin mutane duka biyun ƙwayar cuta ne. A wurin likita, bambancinsu ne ke yanke hukuncin wane magani zai yi aiki, wanne kuma zai zama asarar kuɗi.

Bakteriya halitta ce cikakkiya, duk da ƙanƙantarta. Tana da bango da ya kewaye ta, tana cin abinci, tana fitar da dagwalo, tana kuma haihuwa da kanta ta hanyar rabewa biyu. Idan aka jera guda dubu, da kyar su kai tsawon milimita ɗaya. Wasu nau'o'inta, idan suka samu ɗumi da abinci, sukan rabe duk bayan minti 20. Da wannan lissafi ƙwaya ɗaya ta haura miliyan biyu cikin awa bakwai. Wannan ne dalilin da ya sa tuwo ko miyar da aka bari a buɗe da zafin bazara ke lalacewa kafin gari ya waye. Wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, shi ya fara ganinta a wajajen 1676 da wani ƙaramin gilashi da ya goge da hannunsa. Sai da aka shafe shekara ɗari biyu kafin likitoci su yarda cewa waɗannan 'yan halittu na iya kashe mutum. A 1882 Bajamushe Robert Koch ya nuna bakteriyar tarin fuka, sannan a 1883 da 1884 ya bi kwalara zuwa Masar da Kalkata ta Indiya ya ware ƙwayarta, mai siffar waƙafi.

Ba kowace bakteriya ce abokiyar gaba ba, kuma ya kamata a yi mata wannan adalci. Ita ke mayar da madara kindirmo. Ita ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa. A cikin hanjin kowane mutum mai lafiya akwai tiriliyoyinta, suna taya shi narkar da abinci, suna kuma tare wa miyagun wuri. Masu cutarwa 'yan kaɗan ne cikin dubban nau'o'i, sai dai 'yan kaɗan ɗin sun haɗa da masu kawo kwalara, taifot, tarin fuka, kuturta, mashaƙo da sanƙarau.

Bairos wani abu ne daban. Ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya girma. Ɗan ƙunshin umarnin gado ne kawai da aka naɗe cikin kwanson furotin, kuma mafi yawansu sun fi bakteriya ƙanƙanta sau goma zuwa sau ɗari. Zamansa kamar na kauci ne a kan bishiya: ba shi da saiwa a ƙasa, sai ya samu reshen wani ya kafe sannan ya yi rai. Idan ya shiga jiki yakan manne wa ƙwayar halittar mutum, ya kutsa ciki, ya karɓe kayan aikinta, ya tilasta mata ƙera ɗaruruwa ko dubban irinsa har ta lalace su fito su kama na kusa. A wajen jiki yana iya jira, wani na awoyi, wani na makonni, amma ba ya ƙaruwa ko da guda. Saboda ƙanƙantarsa, an san yana nan tun kafin a gan shi. A 1892 wani masani ɗan Rasha, Dmitri Ivanovsky, ya tace ruwan ganyen taba mai ciwo da matacin da bakteriya ba ta iya wucewa, ya tarar ruwan da ya tsiyaye yana nan yana kama lafiyayyen ganye. Sai a ƙarshen shekarun 1930, bayan an ƙera madubin bincike mai aiki da lantarki, ido ya sauka a kan bairos. Shi kuwa rota, mai wahalar da jariran bakin tafki, sai a 1973 Ruth Bishop da abokan aikinta suka gano shi a birnin Melbon na Ostareliya.

Daga wannan bambancin gini ne maganar magani ta taso. Abin da ake kira antibayotik, tun daga fenisilin da Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, makami ne da aka auna wa sassan jikin bakteriya. Fenisilin da danginsa, irin su amoksisilin, suna hana ta gina bangonta, sai ta fashe. Tetarasaikilin, kafson nan ja da rawaya da kowane mai tallan magani ke da shi a tire, yana toshe wurin da take ƙera furotin. Bairos ba shi da bango, ba shi da wurin ƙera furotin na kansa. Ko an cika cikin yaro da kafso, babu abin da maganin zai samu ya kama. Wannan ba ƙarancin ƙarfin magani ba ne, kuma sauya shi da mai tsada ko da allura ba ya sauya komai.

A nan ne hali ya yi tsanani a ƙauyukanmu. Yaro ya fara zawo a watan Janairu, asibiti da nisa, wani lokaci sai an hau jirgin ruwa, kemis kuwa ga shi a bakin kasuwa. Sai a sayo Flagyl da Septrin, ko a fasa kafso a jiƙa a ɗura masa. Bayan kwana huɗu ko biyar zawon ya tsaya, domin haka rota yake, garkuwar jiki kan kore shi cikin mako guda. Sai yabo ya tafi ga kafso. Yaron da bai tsira ba kuwa, ba rashin kafso ne ya kashe shi ba. Ruwan jikinsa ne ya ƙare alhali hankalin kowa na kan neman ƙwaya.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ko a kwalara, wadda bakteriya ce tsantsa, antibayotik ba shi ne a sahun gaba ba. Ƙwayar kwalara ba ta shiga jini. Takan zauna a ƙaramin hanji ta saki dafi, dafin ya sa hanji ya riƙa tsiyayar da ruwa da gishiri, har babban mutum ya iya zubar da kusan lita guda cikin awa ɗaya, zawon fari tas kamar ruwan wankin shinkafa. Idan ba a mayar da ruwan ba, mai tsananin ciwon na iya rasuwa cikin yini guda, kuma a inda babu kulawa har rabin irin waɗannan majinyata kan mutu. Idan aka mayar da shi da wuri, ba a rasa ko ɗaya cikin ɗari. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifi ƙasar Bangaladash, wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya rasa isasshen ruwan ƙari a sansanin 'yan gudun hijira, sai ya sa dangi su riƙa ɗura wa majinyatansu ruwan gishiri da sukari. Mace-mace suka faɗo ƙasa warwas. Wannan ruwa shi ne yau ake sayarwa a ƙunshi da 'yan kuɗi kaɗan, kuma inda babu ƙunshin ana haɗa shi a gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ga yara ana haɗawa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14. Antibayotik irin su doksisaikilin, ma'aikacin lafiya ne ke ƙara wa mai tsananin kwalara don ya rage masa kwanakin zawo. Flagyl, da ake yawan rugawa gare shi, ba ya taɓa ƙwayar kwalara.

Shekarar 2021 ta nuna cewa wannan darasi bai gama shiga ba. Alƙaluman hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa sun nuna fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya a wannan shekara, sama da 3,500 suka rasu. Bauchi, Kano, Jigawa da Zamfara ne suka fi jin jiki, Kebbi ma ba ta tsira ba. Hanyar cutar sananniya ce tun 1854, lokacin da likita John Snow ya bi sawun mace-macen wata unguwa a Landan har zuwa famfo guda ɗaya: bayan-gida ya haɗu da ruwan sha. A yankin da ambaliya ke shafe masai da rijiya lokaci guda, inda mutane da yawa ke zagawa a bakin ruwa, ba sai an yi dogon bincike ba. Tafasa ruwa ko sa masa sinadarin kulorin, gina masai nesa da rijiya, da wanke hannu da sabulu suna karya kwalara.

Rota bai cika jin wannan ba. Yana da naci a hannu da kan tabarma da kayan wasa, kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su kama yaro. Kafin a samu rigakafinsa, kusan kowane yaro a duniya, na Amurka da na Shanga, sai ya kamu da shi kafin ya cika shekara biyar. Bambancin kawai wanda ke kusa da ruwan ƙari da wanda ke nesa. Tun watan Agusta na 2022 Najeriya ta sa ɗigon rigakafin rota cikin jerin na jarirai, kyauta, ana farawa daga mako shida da haihuwa. Uwar da ta kai jaririnta awo ta karɓi wannan ɗigo ta yi maganin zawon hunturu tun kafin ya zo.

Haka lamarin yake ga yawancin cututtukan bairos: ana tare su a ƙofa ne, domin idan sun shiga sai jinya da jira. Rigakafi yana nuna wa garkuwar jiki kamannin abokin gaba, a raunane ko a mace ko wani ɓangarensa, don ta shirya. Da shi aka shafe agana daga doron ƙasa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka a 1980, kuma tsofaffin da ke da tabon lamba a dantse su ne shaidar wannan yaƙi. Da shi aka kori shan-inna na asali daga Najeriya, bayan turjiyar da aka yi wa rigakafin a 2003, wadda ta mayar da hannun agogo baya: na ƙarshe an gan shi a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da shi a watan Agusta na 2020. Ƙyanda kuwa tana nan, kuma babu cutar da ta fi ta saurin yaɗuwa. Yaro ɗaya na iya shafa wa 12 zuwa 18 cikin waɗanda ba su da kariya, ƙwayar kuma na iya zama cikin iskar ɗaki har awa biyu bayan ya fita. Babu maganin da ke kashe ta. Rigakafinta allura biyu ne, a wata tara da wata goma sha biyar.

Ƙyanda ce kuma ke nuna inda iyakar bairos da bakteriya ke cakuɗewa. Takan durƙusar da garkuwar yaro, sai bakteriya ta samu ƙofa ta shiga huhu ko kunne. Yaron da ƙurajensa suka fara bushewa amma zazzaɓi ya dawo, numfashi ya yi sauri, haƙarƙari na lotsawa, ya shiga ciwo na biyu, kuma wannan na biyun antibayotik ne maganinsa, tare da bitamin A don kare ido. Mura ma haka take: bairos ce, takan wuce da kanta cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, amma idan ta rikiɗe ta zama ciwon huhu sai a nemi likita. Wasu bairos ɗin kuma an samar musu magunguna nasu na musamman, kamar masu danne ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B, amma waɗannan ba antibayotik ba ne, kuma kowanne da ƙwayar da aka ƙera shi dominta.

Idan zawon rota misali ne na inda ake zuba antibayotik a banza, sanƙarau misali ne na inda ake makarar da shi. Jihar Kebbi na cikin zirin da ya taso daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke tashi daga tsakiyar hunturu ta yi ƙamari da zafin Maris da Afrilu. Ƙura da busasshiyar iska na raunata maƙogwaro, mutane na kwana a cunkushe, sai bakteriyar da wasu ke ɗauke da ita ba tare da ciwo ba ta samu hanya zuwa rigar ƙwaƙwalwa. A 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a arewacin Najeriya, ta kashe sama da 11,000. Rigakafin MenAfriVac, wanda Najeriya ta fara bayarwa a 2011, ya karya nau'in A da ya yi wannan ɓarna. Sai wani nau'in, C, ya ɓullo a Sakkwato a 2013, ya shiga Kebbi, sannan ya yi mummunar annoba daga Zamfara a 2017. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabon rigakafi mai tare nau'i biyar lokaci guda. Duk da haka, a farkon 2025 cutar ta sake yin kisa a Gwandu, Jega da Aliero.

Sanƙarau na bakteriya na iya kashe mutum cikin awa 24, wanda ya tsira a makare kuma yakan rasa ji. Akwai na bairos, wanda yawanci ya fi sauƙi, amma babu wanda zai iya bambance su a tsakar gida. Sai an ɗebi ruwan ƙashin baya an duba. Don haka zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya, ko kumburin maɗiga ga jariri, ba na gwajin kafso ba ne, ba kuma na jiran gari ya waye ba. Allurar seftiriyakzon ake bukata, a asibiti, a ranar.

Akwai kuma rukuni na uku da mutanen bakin tafki suka fi kowa sani, wanda ba bakteriya ba ne ba kuma bairos ba. Zazzaɓin cizon sauro wata halitta ce daban da ke shiga jini. Tsargiya, mai sa yaran da ke wanka a tafki fitsarin jini, tsutsa ce da ke fitowa daga dodon-koɗin ruwa, maganinta kuma firazikwantel. Yawancin zazzaɓin da ake yi wa laƙabin taifot a ba shi antibayotik na mako guda, da an ɗiga jini a ɗan gwajin maleriya na minti 15 da an gane gaskiyarsa. Gwajin Widal da ake dogaro da shi a ƙananan ɗakunan gwaji yakan nuna taifot ga wanda ba shi da ita.

Wani zai ce, to mene ne laifi idan an sha bai yi amfani ba, tunda bai kashe ba? Laifin yana da girma, kuma a kan kowa yake faɗawa. Duk lokacin da antibayotik ya shiga ciki, yakan kashe bakteriya masu rauni, har da masu amfani, ya bar masu taurin kai. Waɗannan su ke hayayyafa, su kuma miƙa wa maƙwabtansu dabarar jure maganin, abin da bakteriya ke iya yi ko tsakanin nau'o'in da ba ɗaya ba. Haka ke faruwa idan aka sayi kafso huɗu maimakon cikakken adadi, ko aka daina sha da an ji sauƙi, ko aka zuba shi a ruwan kaji lokacin annobar Niyukasil ta hunturu, wadda ita ma bairos ce mai rigakafinta. Fleming da kansa ya yi wannan gargaɗi a 1945, lokacin da ya karɓi lambar Nobel. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai, bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara. Matar da ta kamu da ciwon jini bayan haihuwa, da jaririn da cibiyarsa ta ruɓe, su ne ke biyan bashin kafson da aka sha don mura.

Ba adalci ba ne a ɗora wannan nauyi a kan uwar da ke tunga, wadda ta yi abin da ta ga kowa na yi. Mai kemis ya fi ta sani, kuma shi ne likitan farko ga yawancin ƙauyuka. Idan ya miƙa ƙunshin ruwan gishiri da zinc kafin ya miƙa Flagyl, ya ceci rai. Hukumomin lafiya na Shanga, Yawuri da Ngaski su ke da alhakin ganin rigakafi ya tsallaka ruwa ya isa tsibirai da sanyinsa, kuma ƙananan asibitoci ba su rasa kayan gwaji ba kafin damina ta faɗi. Mai karatu kuwa, idan aka rubuta masa antibayotik, yana da haƙƙin tambayar ko bakteriya ake zargi, da kwana nawa zai sha. Idan an ce bakteriya ce, ya shanye duka yadda aka faɗa masa. Idan an ce bairos ne, ya bar kuɗin kafson a aljihunsa, ya sayi sabulu da ruwan gishiri da sukari, ya kuma duba katin rigakafin yaransa.